Daga Araba Zuwa Biyafara

A taron tsarin mulki da aka yi a Legas a farkon 1954, jam'iyyar Action Group ta Cif Obafemi Awolowo ta nemi a rubuta ɓaro-ɓaro cewa duk jihar da zaman tarayya ya ishe ta tana da ikon ɓallewa. Wanda ya tsaya kai da fata ya ce ba za a rubuta ba shi ne Dokta Nnamdi Azikiwe, jagoran NCNC, ɗan ƙabilar Ibo, kuma Turawan mulki suka goyi bayansa. Shekara guda kafin nan, wakilan Arewa ne suka dawo daga Legas a fusace bayan ihun da aka yi musu a kan titi, suka fito da buƙatu takwas waɗanda da an bi su da Najeriya ta zama ƙasa a suna kawai. Ke nan a cikin manyan ɓangarori uku na wancan zamani, Gabas ce kaɗai ba ta taɓa yin barazanar tafiya ba. Shekara 13 bayan taron na Legas, ita ce ta tafi.

Ba don sun fi kowa kishin ƙasa Ibo suka rungumi haɗin kai ba, buƙata ce ta sa. Ƙasarsu tana cikin wuraren da suka fi cunkoson jama'a a Afirka ta Yamma, gona ba ta isa, zaizaya na cin ƙasa. Yawancinsu ba su gaji sarauta irin ta Daular Usmaniyya ko ta Yarabawa ba. Dattawan gari da ƙungiyoyin tsara ke yanke shawara, kuma mutum da ƙoƙarinsa yake sayen girma. Da Turawa suka naɗa musu hakimai na takarda, abin bai zauna ba, har ya kai ga boren matan Aba na 1929. Makarantun mishan sun riga isa ƙasar Yarabawa, amma da suka shiga ƙasar Ibo sai gari ya riƙa gasa da gari wajen gina makaranta da tara kuɗin tura yaro ƙetare. Ga ilimi, ga ƙarancin aiki a gida, ga kuma jirgin ƙasa ya haɗa Fatakwal da Inugu da Makurɗi da Kaduna. Sai suka bazu. Akawu, mai buga waya, direban jirgi, makanike, mai shago: a Kano, Zariya, Jos, Gusau, Nguru, duk inda layin dogo ya tsaya akwai su. Azikiwe kansa a Zungeru aka haife shi a 1904, kuma ya ji Hausa tun yana yaro. A garin nan dai aka haifi Odumegwu Ojukwu a 1933. Ita ma Inugu, a shekarun 1950, wani Bafulatani ɗan kasuwa daga lardin Sakkwato, Malam Umaru Altine, shi ne magajin garinta a ƙarƙashin NCNC.

Sai dai zaman da aka yi a Arewa zama ne na kusa da nesa. Turawa sun ware baƙi 'yan Kudu a Sabon Gari, da kotunsu daban, makarantarsu daban, ba sa ƙarƙashin alƙali. Ana haɗuwa a kasuwa da tasha, a rabu da magariba. Bahaushe yana ganin baƙo ya riƙe tikitin jirgi da gidan waya da ofishin kamfani a garinsa, shi kuma baƙon yana ganin da guminsa ya samu, bai ƙwaci na kowa ba. An yi arangama a Jos a 1945. A watan Mayun 1953 aka yi ta Kano, wadda abin mamakinta shi ne ziyarar 'yan Action Group, jam'iyyar Yarabawa, ce ta kunna ta, amma Hausawa da Ibo ne suka gwabza. Gwamnati ta ce mutum 36 suka mutu. Da Sardauna, Firimiyan Arewa, ya ɗauki manufar fifita 'yan Arewa a aikin gwamnatin Arewa, mu a nan mun ɗauke ta a matsayin ceto daga zama 'yan kallo a gidanmu, su kuwa sun ɗauke ta a matsayin kora. Duk da haka NPC ta Arewa da NCNC ne suka haɗu suka kafa gwamnatin tarayya bayan zaɓen 1959, Abubakar Tafawa Ɓalewa firaminista, Azikiwe gwamna-janar, daga baya shugaban ƙasa. Ƙidayar 1962 da 1963 ce ta fara tsinka wannan igiya, don Firimiyan Gabas Michael Okpara ya ƙi yarda da alƙaluman da suka ba Arewa fiye da rabin jama'a. Zaɓen 1964 ya zo da ƙauracewa, na Yamma a 1965 ya zo da ƙone-ƙone.

Daga nan labari ya rabu gida biyu, kuma har gobe bai sake haɗuwa ba.

Ɗan Arewa yana fara nasa ne daga daren 15 ga Janairun 1966, cikin goman ƙarshe na azumi. Manjo Chukwuma Kaduna Nzeogwu, haifaffen Kaduna mai jin Hausa kamar jakin Kano, ya kai hari gidan Firimiya, aka kashe Sardauna da uwargidansa Hafsatu. A Legas aka ɗauke Tafawa Ɓalewa, sai gawarsa aka tsinta a gefen hanya bayan kwanaki. Aka kashe Birgediya Zakariya Maimalari, Kanal Kur Muhammad, Laftanar-Kanal Abogo Largema da Laftanar-Kanal James Pam, wato kusan dukan manyan hafsoshin Arewa a dare ɗaya. An kashe Firimiyan Yamma Akintola da ministan kuɗi Okotie-Eboh da manyan hafsoshin Yarabawa biyu. Daga Ibo kuwa hafsa ɗaya ya rasu, Laftanar-Kanal Arthur Unegbe. Babu ɗan siyasarsu ko ɗaya da aka taɓa. Masu kare manjojin da suka yi wannan juyi suna cewa juyin juya hali suka nufa, ba ƙabilanci ba, suna nuna cewa akwai Bayarabe, Adewale Ademoyega, a cikin jagororin, kuma Ibo ne suka murƙushe yunƙurin: Janar Aguiyi-Ironsi a Legas, da Ojukwu wanda yake riƙe da bataliya ta biyar a Kano ya ƙi bin Nzeogwu. Duk wannan gaskiya ne. Amma wanda ya duba jerin gawarwakin ba ya buƙatar a yi masa tafsiri. Ironsi ya karɓi mulki, ya tsare manjojin bai gurfanar da su ba, ya yi ƙarin girma a soja wanda Ibo suka fi cin moriyarsa, sannan a 24 ga Mayu ya fitar da doka ta 34 wadda ta soke jihohi ta haɗe aikin gwamnati wuri guda. A kasuwannin Arewa kuma an ga wasu suna yawo da hoton Nzeogwu suna yi wa masu makoki shaguɓe. Ba duka ba ne suka yi, amma kaɗan ɗin sun isa.

Ɗan Ibo kuwa daga ƙarshen watan Mayu yake farawa, lokacin da zanga-zangar ƙin dokar ta rikiɗe ta zama farautar mutane a Kano, Zariya, Katsina, Gusau da sauransu. Kalmar da ke bakin masu zanga-zangar ita ce araba. A 29 ga Yuli sojojin Arewa suka yi ramuwa, aka kashe Ironsi a Badun tare da mai masaukinsa Adekunle Fajuyi, aka bi barikoki ana kashe hafsoshi da ƙananan sojojin Ibo. Niyyar da yawa daga masu wannan juyi, ciki har da Murtala Muhammed, ita ce a kwashe iyalai a koma gida a raba ƙasar. Manyan ma'aikatan gwamnati da jakadun Ingila da Amurka ne suka yi ta lallashi har aka fasa, Laftanar-Kanal Yakubu Gawon ya hau. Ko a taron tsarin mulki na watan Satumba, wakilan Arewa sun fara gabatar da shawarar a yi sassauƙar tarayya mai ikon ɓallewa, kafin su janye.

Abin da ya faru a ƙarshen Satumba da farkon Oktoban 1966 shi ne abin da mu 'yan Arewa ba mu cika son tsayawa a kansa ba, kuma shi ne tushen komai a wurinsu. An yaɗa labari ta rediyo cewa ana kashe 'yan Arewa a Gabas. Sai kisa ya ɓarke a Makurɗi, Jos, Kaduna, Zariya, Minna, Gombe, wannan karon da hannun sojoji a ciki. A Kano, ranar 1 ga Oktoba, sojojin bataliya ta biyar suka yi tawaye, suka bi masu jiran jirgi a filin jirgin sama da tashar jirgin ƙasa suka buɗe musu wuta, suka shiga Sabon Gari. Waɗanda aka kashe ba su suka kashe Sardauna ba. Akawu ne da teloli da matan aure da 'yan makaranta, wasunsu ba su san wani gida ba sai nan. Ƙiyasi ya bambanta, daga dubu takwas zuwa dubu talatin da gwamnatin Gabas ta faɗa. An samu sarakuna da malamai da maƙwabta da suka ɓoye mutane a cikin gidajensu suka fitar da su da dare, kuma an kashe 'yan Arewa a Fatakwal da Inugu da Aba a ramuwar gayya. Fiye da mutum miliyan ɗaya suka kwarara Gabas, a kan rufin taragu da bayan manyan motoci, da raunuka a jikinsu. Kowane ƙauye ya karɓi nasa. Ba Ojukwu ne ya koya wa waɗannan mutane aware ba. A lokacin shi ne ma ake zargi da jan ƙafa.

Ba a hukunta kowa a kan Janairu ba. Ba a hukunta kowa a kan Mayu, ko Yuli, ko Oktoba ba.

Ojukwu, ɗan attajiri Sir Louis Ojukwu, wanda ya karanta tarihi a Oxford, ya ƙi amincewa da Gawon a matsayin shugaba tun farko, yana cewa akwai waɗanda suka girme shi a soja, irin su Birgediya Ogundipe. Janar Ankrah na Ghana ya tara su a Aburi ranakun 4 da 5 ga Janairun 1967. Ojukwu ya je da takardu da shiri, saura sun je kamar zaman sulhun 'yan'uwa, ya kuwa dawo da yarjejeniyar da ta ba kowace jiha kusan cikakken iko. Da manyan sakatarori a Legas suka karanta abin da aka sa wa hannu, suka ce wannan rushe ƙasa ne. Doka ta 8 da aka fitar a watan Maris ta ba da mafi yawan abin da aka amince, amma ta bar wa Legas ikon kafa dokar ta-ɓaci a jiha, Ojukwu ya ce ko duka ko babu. A 27 ga Mayu Gawon ya raba ƙasar jihohi 12. Wannan dabara ce mai kaifi, don ta yanke Gabas gida uku, ta ba ƙananan ƙabilu irin su Ijo da Efik da Ibibiyo jihohin da suka daɗe suna nema, ta bar Ibo a tsakiya babu teku babu mafi yawan rijiyoyin mai. Masu begen Biyafara a yau ba sa son a tuna musu cewa waɗannan ƙabilu suna tsoron danniyar Ibo kamar yadda Ibo ke tsoron ta Arewa, har Isaac Boro ya ayyana jamhuriyar Neja Delta a Fabrairun 1966, a zamanin Ironsi. Ranar 30 ga Mayun 1967 Ojukwu ya ayyana Jamhuriyar Biyafara.

An fara harbi a 6 ga Yuli. Legas ta ce aikin 'yan sanda ne na 'yan makonni, sai ga shi ya ci wata talatin. A watan Agusta sojojin Biyafara suka tsallaka kogin Kwara suka mamaye Jihar Tsakiyar Yamma har suka kai Ore, abin da ya sa Yarabawa suka daina kallo suka shiga yaƙin sosai. Inugu ta faɗi a farkon Oktoba. Kwanaki kaɗan bayan haka, a Asaba, sojojin runduna ta biyu da Murtala ke jagoranta suka ware maza daga cikin jama'ar da suka fito da fararen kaya don nuna mubaya'a, suka harbe ɗaruruwa. Bayan shekaru da yawa Gawon ya nemi gafarar mutanen garin. Da Fatakwal ta faɗi hannun sojojin tarayya na Benjamin Adekunle a Mayun 1968, Biyafara ta zama tsibiri a kan tudu, ba ta da wata ƙofa sai wani yankin titin mota a Uli da aka mayar filin jirgi, inda jiragen agaji na coci-coci ke sauka da dare daga tsibirin Sawo Tome, na makamai ma suna bin sahunsu.

Yunwa ta fi harsashi kisa. Yankin da ya saba samun furotin daga busasshen kifin ƙetare da naman shanun Arewa aka toshe shi ta ko'ina, yara suka kumbura, gashinsu ya yi ja. Hotunansu sun zagaya duniya, kuma wani kamfanin farfaganda a Janeba ya san yadda zai yi amfani da su. Gwamnatin tarayya ta ce a bi da abinci ta ƙasa ko da rana a bincika, Ojukwu ya ƙi, don jiragen dare su ne rufin asirin makamansa. A ganina alhakin waɗannan yara yana wuyan ɓangarorin biyu, ko da yake wanda ya toshe hanya shi ne da kaso mafi girma. Ingila da Tarayyar Sobiyet suka ba Legas makamai, Faransa ta taimaki Biyafara ta bayan fage. Ƙasashe biyar ne suka amince da ita: Tanzaniya, Gabon, Kwaddibuwa, Zambiya da Haiti. An zauna sulhu a Kampala, an zauna a Yamai a Yulin 1968 a ƙarƙashin baƙuncin Shugaba Diori Hamani, inda Ojukwu ya je da kansa, an zauna a Adis Ababa, duk ba a ƙulla komai ba. A 1969 Azikiwe, wanda ya yi wa Biyafara yawon neman goyon baya, ya juya ya ce a koma Najeriya ɗaya. A Janairun 1970 Ojukwu ya hau jirgi a Uli zuwa Kwaddibuwa, mataimakinsa Philip Effiong, ɗan Ibibiyo, ya miƙa wuya a barikin Dodan ranar 15 ga wata. Yawancin masana suna sa waɗanda suka mutu tsakanin rabin miliyan da miliyan biyu.

Dole a yaba wa Gawon a kan abu ɗaya: kisan ƙare dangi da aka yi ta tsoratar da Ibo da shi bai faru ba. Ya ce babu wanda ya yi nasara babu wanda aka ci, ba a kafa kotun ramuwa ba. Amma abin da Ibo suke tunawa ya wuce jawabi. Duk wanda ya kai kuɗin Biyafara banki, komai yawansu, fam 20 aka ba shi. Bayan shekara biyu aka fito da dokar sayar wa 'yan ƙasa hannun jarin kamfanonin Turawa, a daidai lokacin da ba su da abin saye. A Fatakwal aka kira gidajensu dukiyar da aka yasar, da yawa ba su dawo hannunsu ba har yau, alhali a Kano da wasu garuruwan Arewa mutane da dama sun dawo sun tarar da gidajensu, wasu har da kuɗin hayar da aka tara musu. Da ƙofar manyan muƙaman soja da na gwamnati ta ƙuntata, sai suka koma kasuwa da tsarinsu na yaron shago, wanda zai yi wa ubangida hidima shekaru sannan a sallame shi da jari. Da wannan aka gina kasuwar Anaca, da masana'antun Nnewi, da takalman Aba, da shagunan kayan gyaran mota daga Legas har Maiduguri. A 1979, shekara tara kacal bayan yaƙi, Alex Ekwueme ya zama mataimakin Shehu Shagari. A 1982 Shagari ya yafe wa Ojukwu, ya dawo ya shiga NPN, ya tsaya takarar sanata ya faɗi. Da ya rasu a 2011, da faretin soja aka binne shi.

To me ya ta da maganar kuma? Wani ɓangare lissafi ne. Kudu maso Gabas jihohi biyar gare ta, sauran shiyyoyi shida-shida, Arewa maso Yamma bakwai. Ƙananan hukumominta 95 ne, Kano da Jigawa kaɗai suna da 71, kuma da waɗannan alƙaluma ake raba kuɗi da kujeru. Tun bayan wata shida na Ironsi ɗan Ibo bai sake riƙe ƙasar ba. Wani ɓangaren kuma jini ne: rikicin Kano na 1991, na Kaduna a 2000, na Maiduguri a 2006, kowanne ya aika da gawarwaki Gabas, na baya-bayan biyu kuma suka jawo kashe Hausawa a Aba da Anaca. An samu dama guda a kwamitin Mai Shari'a Oputa da Obasanjo ya kafa a 1999, inda ƙungiyar Ibo ta Ohanaeze ta kawo kokenta, ƙungiyar dattawan Arewa ta ACF ta mayar da martani, aka yi ta fafatawa a bainar jama'a a kan 1966. An miƙa rahoto a 2002, gwamnati ba ta taɓa fitar da shi a hukumance ba. Daga baya ma aka cire darasin tarihi daga ƙananan makarantu na tsawon shekaru. Yaron da ba a koya masa a aji ba, a gida ya ji, kuma ɓangare ɗaya ya ji.

Ralph Uwazuruike ya kafa ƙungiyar neman Biyafara ta MASSOB a 1999 da da'awar gwagwarmaya ba makami. Wanda ya canza salon shi ne Nnamdi Kanu, wanda aka haifa a 1967, bai san yaƙin ba sai a labari. Daga Landan ya riƙa magana a Rediyo Biyafara, yana kiran Najeriya gidan namun daji, yana zagin Fulani da Yarabawa da gwamnonin Ibo baki ɗaya. Kafin 2015 ba kowa ya san shi ba. Gwamnatin Buhari ce ta ɗaukaka shi da ta kama shi a Oktoban shekarar ta ƙi bin umarnin beli, bayan shugaban da bakinsa ya ce waɗanda suka ba shi kashi 5 na ƙuri'a kada su sa ran daidai da masu kashi 97. Amnesty International ta ce jami'an tsaro sun kashe aƙalla masu zanga-zanga 150 tsakanin Agustan 2015 da Agustan 2016. A Yunin 2017 wasu ƙungiyoyin matasan Arewa suka taru a Kaduna suka ba Ibo wa'adin barin Arewa kafin 1 ga Oktoba, ranar da duk wanda ya san tarihin Kano zai ji tsigar jikinsa ta tashi. An janye wa'adin kafin lokacin. A Satumba sojoji suka dira gidan su Kanu a Umuahiya, ya ɓace, aka haramta ƙungiyarsa ta IPOB a matsayin ƙungiyar ta'adda.

Daga ƙarshen 2020, da aka kafa reshenta mai makami na ESN da sunan korar makiyaya daga dazuzzuka, abin ya koma wani iri. Aka fasa gidan yarin Owerri a Afrilun 2021, fursunoni fiye da 1,800 suka tsere. Aka riƙa ƙona ofisoshin 'yan sanda da na hukumar zaɓe. Aka kashe ɗan siyasar Arewa Ahmed Gulak a Owerri, aka kashe wata mata 'yar Arewa mai juna biyu da 'ya'yanta huɗu a Anambra a 2022. IPOB takan musanta hannu a irin waɗannan. Bayan an kamo Kanu daga Kenya a Yunin 2021 aka ƙaƙaba dokar zaman gida kowace Litinin, kuma ko da ƙungiyar ta ce ta dakatar, 'yan bindiga suka ci gaba da tilasta ta, wani mai suna Simon Ekpa yana ba da umarni daga Finland. Waɗanda suka fi mutuwa a wannan zamani Ibo ne, a hannun masu cewa 'yanta su za su yi da kuma a hannun jami'an tsaro: likitoci, sarakunan gargajiya, direbobi, 'yan kasuwar da suka buɗe shago ranar da aka hana. Masu hali da yawa sun daina zuwa gida bikin Kirsimeti, wasu har aure da jana'iza a Legas ko Abuja suke yi.

Ba a taɓa yin ƙuri'ar raba gardama ba, don haka masu cewa duk Ibo Biyafara suke so da masu cewa 'yan tsiraru ne duk zato suke yi. Abin da aka ƙirga shi ne zaɓen 2023, inda ɗan Ibo Peter Obi ya samu ƙuri'a fiye da miliyan 6, ya ci Legas da Abuja da Filato da Nasarawa, kuma matasan Gabas suka fito duk da kiran ƙauracewa da Ekpa ya yi. Obi ya zo na uku. A Satumban 2025 wata kotu a Finland ta ɗaure Ekpa shekara shida. A Nuwamba Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yanke wa Kanu ɗaurin rai da rai a kan ta'addanci, aka kai shi gidan yarin Sakkwato, yayin da Ohanaeze da 'yan majalisar yankin, waɗanda ya sha zaginsu a rediyo, suke ta roƙon a sake shi ta hanyar sulhun siyasa.